Ɗalibaina dariya suke in muna gwajin magana da mara lafiya, ku ba ni shawara

Slm jama'ar gida. Ni malama ce a wata makarantar koyon jinya anan Kaduna, ina koya wa 'yan aji biyu yadda ake magana da mara lafiya. Shekaranjiya na sa wata yarinya ta fito a tsohuwa mai hawan jini da ta daina shan magani, ɗaya kuma ta zama nas. Wlh ko minti biyu ba a yi ba aji ya kaure da dariya, mai yin tsohuwar ta ɗaura gyale a ƙugu tana tafiya a duƙe tana wayyo ƙafata, nas ɗin kuma ta tsaya mata a ka da fayil tana ta zuba Turanci. Abin ya tsaya min a rai don yaran nan sun kusa fita firaktikal, kuma ko a jarabawar OSCE, wato wadda ake gwada ɗalibi a aikace, ana duba yadda ka gaida mara lafiya da neman izininsa kafin ka taɓa shi. Dan Allah ya zan yi?

Sista mai ritaya, Tudun Wada:
'Yata ki daina fito da su gaban aji duka, kunya ce ke sa su dariya. Raba su uku-uku, nas da mara lafiya da mai kallo, minti biyar sai su yi musanya. Kuma da Hausa za a yi! Tsohuwar da za ta zo wod ba sunan cuta za ta faɗa ba, cewa za ta yi kaina ke sarawa, jiri nake gani. Yarinya ta ja kujera ta zauna, ta ce sannu Iya ya jiki, ta yi shiru ta bari ta gama. In ta yi bayanin magani kada ta ce kin gane ko, kowa eh zai ce. Ta ce Iya faɗa min yadda za ki sha in kin koma gida, anan za ta ji inda aka samu tangarɗa.

Malamin jinya, Zariya:
Malama ki samo wanda ba su sani ba ya fito a mara lafiyan, ba sa yi wa baƙo wasa. Tun 1963 wani likita Howard Barrows ya fara haka a Amurka. Ki rubuta wa mutumin labarinsa a takarda, ki ɓoye abu ɗaya da ba zai faɗa ba sai an tambaye shi da lalama, misali kuɗin magani ne ya gagara ya koma jiƙe-jiƙe. In an gama shi za a fara tambaya ya ya ji, kafin ke ki ce komai.

Ɗalibi ɗan aji uku:
Gaskiya Malama mu abin da ke ba mu tsoro gyara a gaban mutane ne. Ranar da aka ce in tambayi mace yaushe rabonta da al'ada bakina ya ƙi buɗuwa, sai da na maimaita da abokina a hostel ya kai sau goma muna ɗauka a waya muna saurare.

Ungozoma, Rigasa:
Kar ki manta da mai jinya. Wajen awo sau nawa kina tambayar mace uwar miji na amsa mata? Ki sa mutum na uku ya riƙa katse magana, yarinya ta koyi cewa Hajiya dan Allah ki ɗan ba mu wuri zan duba ta, ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Wannan ya fi min komai wuya lokacin da na fara aiki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata da ta yi shekaru tana jinyar mijinta, zan roƙe ta ko za ta yarda ta zo mana ranar Litinin. Sista in kina da hali ki zo ki zauna a bayan aji ki gani dan Allah.