Wa ya taɓa shan wahalar buɗe wa EJB ƙofar SOAP? Kowa ya kawo nasa

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Kwana uku kenan ina fama. Muna da wani tsohon EJB (wato ɓangaren manhajar Java da ke aiki a kan saba) na lissafin albashi, shekara da shekaru yana aikinsa lafiya lau, sai oga yace a buɗe shi ta SOAP, hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙon XML, don wata manhajar .NET ta Microsoft ta riƙa kiransa. Na sa alamar @WebService a saman kilas ɗin na ɗora a saban WildFly, ya hau ba ƙorafi, WSDL ma, fayil ɗin da ke bayyana yadda ake kiran sabis ɗin, yana fitowa, amma da an kira metod ɗin da ke dawo da bayanin ma'aikaci sai ya watso min saƙo wai an gano zagaye a cikin abubuwan, XML ɗin zai yi zurfin da ba iyaka. Dan Allah wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya taimaka, kowa ma ya faɗi tasa mu ƙaru.

Baban Ikram:
Ƙanena ai ba EJB ɗinka ne ke da laifi ba, JAXB ne, mai mayar da abubuwan Java XML, ke zagaye kamar akuya a turke. Ma'aikaci na riƙe da sashensa, sashe na riƙe da jerin ma'aikatansa, shi kuma mai mayar da su XML ya shiga wannan ya faɗa wancan ya sake dawowa. Ka sa @XmlTransient a gefe ɗaya don ya tsallake shi. Amma kula, ni da na sa a kan fil ɗin ko gezau, ashe ta getter (metod ɗin da ke dawo da fil ɗin) yake karantawa, sai da na mayar can. To ina murna na gama sai ga LazyInitializationException, saboda lokacin da ake rubuta XML ɗin EJB ya riga ya dawo, tiransakshan ya rufe, Hibernate, mai ɗebo mana bayanan, ba shi da hanyar komawa rumbun bayanai ya ɗebo jerin da bai loda ba. Tun ranar na rantse ba na sake fitar da entiti (kilas ɗin da ke ɗaure da rumbun bayanai) kai tsaye, ƙaramin kilas nake yi daban in kwafe abin da ake buƙata kawai in tura. Aiki ne mai gundura amma kana barci.

'Yar Zazzau:
Ni tawa ko hawa saba bata yi ba. Metod biyu nake da su masu suna ɗaya, ɗaya na karɓar lamba ɗaya na karɓar suna, a Java halal ne amma WSDL baya yarda ofareshan biyu su yi tarayya a suna. operationName a cikin @WebMethod ya raba gardamar. Ina fita daga nan sai JAXB yace Map intafes ne shi baya iyawa da intafes, sannan wani kilas ba shi da konstrakta fanko. Ɗaya bayan ɗaya wlh kamar layin mai.

Injiniya Maraɗi:
Ku dai kun samu saƙon kuskure kun gode Allah. Mu da muka koma WildFly 27 komai ya hau shiru, log fes, amma adireshin sabis ɗin 404. Yini guda ina zargin nginx da ke tsaye a gaban saban, ashe kod ɗinmu har yanzu javax.jws yake shigowa da shi, shi kuwa sabon saban jakarta kawai ya sani tunda aka canza sunayen a Jakarta EE 9 a 2020, bai ma ga alamar @WebService ɗin ba balle yayi ƙorafi. Kuma in kana JDK 11 kada ka nemi wsimport mai samar da kod daga WSDL, an cire shi tare da JAX-WS da JAXB.

Tsohon Soja:
Yaran yanzu kuna cikin gata. Zamanin EJB 2.1 da JAX-RPC da hannu muke rubuta webservices.xml da fayil ɗin mapin, harafi ɗaya ya kauce ka kwana a ofis, sai 2006 Java EE 5 ya kawo alamomin nan irin su @WebService. Abin da ya taɓa kunyata ni gaban baƙi shi ne adireshi. Na gwada komai a injina yana tafiya, mutanen wancan ɓangaren suka ja WSDL suka ce sabis ya mutu. Na buɗe fayil ɗin na gangara ƙasa wajen soap:address, sai ga 127.0.0.1 da fot 8080 zaune, wato kwamfutarsu kanta take kira. Maganinsa wsdl-host ne a standalone.xml na WildFly, ko ka sa sunan da duniya ke gani ko jbossws.undefined.host ya ɗauka daga mai kira.

'Yar Zazzau:
Baba ai ka tuna min. Tunda .NET ne zai kira ka Ɗan Fagge ka lura da kwanan wata. Ranar haihuwa ta fita daga wajenmu sha biyun dare da +01:00 a jiki, injinsu na kan UTC ya maida ita sha ɗayan daren jiya, kowa ya ƙara kwana ɗaya a duniya, sai da wata a ofishin ma'aikata ta ga tata ranar ba daidai ba muka farga. Ka tura xs:date tsura ba yankin lokaci.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Yaya Baban Ikram na bi shawararka na yi kilas daban, zagayen ya tafi. Yanzu kuma in suka kira lambar ma'aikacin null, wato ba komai, take iso min alhali sun rantse sun turo.

Baban Ikram:
Kada ka yarda da rantsuwar kowa, kunna log ɗin saƙonnin CXF, injin SOAP na cikin WildFly, ka ga ainihin XML ɗin da ya shigo, ka jera shi da wanda manhajar gwaji ta SoapUI ke haɗawa. In baka sa @WebParam ba sunan abin arg0 ne a WSDL, kuma ina kyautata zaton da ka sa daga baya su basu sake jan WSDL ɗin ba. In ba shi ba to nemsifes ne, wato laƙabin da ake maƙala wa suna a XML, sun lulluɓe sunan da shi kai kuma tsirara kake jiransa.

Ɗan Fagge:
Kai yaya kamar kana bayana. arg0 ne suke turowa, WSDL ɗin ranar Litinin suke riƙe da shi. Na ce su sake ja, mutumin nasu ya tafi masallaci sai bayan la'asar zamu gwada.