Me za mu kira "sync" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "taku ɗaya"

Jiya da daddare yaron da nake koya wa tace bidiyo ya ce min, "Oga, rubutun nan ba ya sinkin." Na gane nufinsa, wato rubutun fassara ba ya tafiya lokaci guda da murya, amma kalmar ta tsaya min a wuya. Shekara da shekaru muna sa wa finafinan Hausa fassarar ƙasan allo, har yau ba mu raɗa wa abin suna ba.

Da na tambaya a shago, wani ya ce "daidaito". Bai yi min ba. Launi ma ana daidaita shi, sauti ma haka, to wanne ake nufi? Wani ya ce "daidaita sahu", aka yi ta dariya, don a Kano duk wanda ya ji haka zai ɗauka abin hawa za a tare.

Ni "taku ɗaya" na zaɓa, irin na sojoji a fareti. Murya da rubutu suna taku ɗaya, ko kuma sun saɓa taku. Edita kuwa aikinsa haɗa taku.

Amma saɓa taku iri biyu ne, kuma rashin sunayensu ne ke sa yara ɓata dare guda a banza. Akwai wanda rubutu ke makara da daƙiƙa biyu tun daga farko har ƙarshe, ba ragi ba ƙari. Wannan tazara ce. Kama rubutun gaba ɗaya, ja shi baya, shi ke nan.

Na biyun shi ne mugun. A farko komai lafiya lau, minti goma ka ga rubutu ya ɗan riga baki, kafin ƙarshe jaruma na kuka rubutun na gaisuwar wani fage. Wannan na kira shi zamewa. Galibi daga adadin firem ne, wato yawan hotunan da bidiyo ke nunawa a kowace daƙiƙa: an yi fayil ɗin SRT, mai ɗauke da rubutun da lokutan fitowarsa, a kan kwafin fim mai firem 25 a daƙiƙa, aka ɗora shi kan mai 23.976. A awa guda zamewar ta kai kusan minti biyu da rabi. Ko tsakanin 30 da 29.97 akwai daƙiƙa 3.6 a awa. Ja da hannu ba ya maganinta, in ka gyara farko ƙarshe ya ɓaci. Sai a buɗe Subtitle Edit, manhajar gyaran fassarar ƙasan allo, a sauya adadin firem ɗin.

Bidiyon yaron nan kuwa da waya aka ɗauka, kuma waya kan sauya adadin firem tana cikin ɗauka, musamman in haske ya yi ƙaranci. Muka bi da shi ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, ya koma adadi tsayayye, sannan muka mayar cikin Premiere Pro, manhajar da muke tace bidiyo da ita.

Da safe ya leƙo ya ce, "Oga, sun haɗa taku." Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke aiki da manhaja cikin Faransanci, me kuke ce masa a wajenku?