Masu tayar da tsofaffin babura: ina kuke samo kaya na asali?

Ɗan Malam, Kano:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Honda Roadmaster CD200 da ya yi shekaru yana zuwa koyarwa a kanta. Tun da ya kwanta ciwo take jingine a ɗakin zaure, an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma. Bayan rabon gado na roƙi 'yan'uwa su bar mini ita. Injin bai kama ba, kik yana juyawa, amma kafireton ya ci tsatsa har ya huje, salansa ɗaya ta ruɓe, gilashin mita ya fashe. Na zaga shagunan kayan babur a Fagge da Sabon Gari, kowa sai ya miƙo mini na China ya ce zai hau. Ni kuwa yadda Baba ya hau ta nake so ta koma. Wanda ya taɓa irin wannan aiki, don Allah ya faɗa mini inda ya bi.

Baba Makanike, Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Malam. Kafin ka kashe ko kwabo, kada ka yar da komai da ka kwance daga jikinta, ko da noti ne. Wannan kafireton da ka ce ya mutu, duba gefensa, za ka ga an rubuta Keihin a jikin ƙarfen. In kwanon ƙasa ne kawai ya huje, jikin yana da rai. A jiƙa shi a kananzir kwana biyu, a busa ramukan da iska, kada a zura waya a jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi, don tana faɗaɗa shi. Na ga yara da yawa sun cire na asali sun sa sabo mai sheƙi, babur ya riƙa shan mai yana tari, su dawo neman tsohon an riga an sayar wa 'yan gwangwan.

Na fara koyon aiki lokacin da Roadmaster da Benly da basfa suke cike da gari, kuma har yau ina da akwatin ƙarfe ƙarƙashin benci da nake tara ragowarsu. Duk tsohon makanike yana da irinsa. Ba ma kai shi kasuwa, sai wanda ya zo ya zauna muka ga da gaske yake. Ka nemi wanda ya riƙa gyara wa mahaifinka, in yana raye. Sannan ka tabbatar ko taka mai batir volt 6 ce ko 12, domin na farkon fitowa 6 ne, kuma mai shago ba zai tambaye ka ba kafin ya ba ka ƙwan fitila ko koyil.

Abban Sadiya, Kaduna:
Tawa CD185 ce, na yi wata goma sha ɗaya ina haɗa ta. Panteka na fi zuwa, ranar Asabar da sassafe kafin a fara sara ƙarfe. Kada ka tambayi shago, ka bi masu auna ƙarfe a sikeli, ka bar musu lambarka da hoton abin da kake nema. Ta haka na samu tanki. Wani yaro ya kira ni da azahar ya ce an kawo gawar babur daga ƙauye, in ban zo kafin la'asar ba za a daddatsa. Na tarar da ita a kife cikin tarin rodi, kaji sun yi ƙwai a kan sit ɗin har ya ruɓe, amma da na buɗe murfin tankin na haska tocila, cikinsa fes, sai warin tsohon fetur. Hannuna har rawa yake. Na saye ta gaba ɗaya da kuɗin nauyinta, na samu mita da murfin gefe da ƙafar birki a kanta.

Abu ɗaya: 185 da 200 sun yi kama sosai, amma ba komai na cikin injin ke shiga juna ba. Ka riƙa tafiya da tsohon kayan a aljihu kana gwadawa.

Maman Ilham, Katsina:
Ni basfar mahaifina muka tayar da maigidana, amma darasin ɗaya ne. Wani ya sa hoton fitilar baya a Facebook ya ce ta asali ce, ba a taɓa ɗaura ta ba. Muka tura kuɗi, aka aiko a mota. Kwalin tsoho ne da gaske, abin da ke ciki kuwa roba ce marar nauyi, ko wata uku ba ta yi ba rana ta kore jan. Ya daina ɗaga waya. Abin ya yi mini ciwo, don ranar da aka ɗaura ta na kira mahaifiyata ta zo ta gani. Yanzu ba ma biya sai an yi mana bidiyon kayan a hannu, an juya bayansa mun ga rubutun da ke jiki.

Na Maraɗi:
Gaskiya ne, Hajiya. Ɗan Malam, a Honda rubutun nan shi ne shaida: gilashin fitila Stanley, mita Nippon Seiki, a jikinsu aka zuba sunan, ba manna shi aka yi ba. Nan wajenmu ƙauyuka ne ma'ajiya. Tsofaffi ba sa son rabuwa da babur ko ya mutu, sai ka je da wanda suka sani, ka gaisa, ka koma karo na biyu. A Yamai kuma akwai kasuwar Katako. Turo hoton salansar, zan sa ƙanena ya duba.

Injiniya, Abuja:
Kayan Honda suna da lamba mai kashi uku, kuma da ita ake nema, don suna kaɗai yana ruɗarwa. Kamfanin sayar da kayan babur na CMSNL a Holan suna da zanen kowane sashe na babur ɗin da lambobinsa a intanet, kyauta ake dubawa. David Silver Spares a Ingila su ma tsofaffin kayan Honda suke sayarwa. Daga waje na sayi kwantak da fistan biyu masu ƙarin faɗin milimita 0.50 bayan an faɗaɗa mini bulok. Kuɗin aikowa da canjin kuɗi sun kusa ninka farashin, don haka ƙananan abubuwa kawai nake saya a can. Wani abokina ɗan kasuwa kuma ya binciko mini gaskit a kasuwar Nkwo ta Nnewi, a tsohon shagon da ya gada.

Ra'ayina, taya da tiyub da kebul ɗin birki da duk abin roba, sa sababbi masu kyau. Robar da ta shekara arba'in a kwali ta bushe ko da ta asali ce, kuma ranka ne a kai.

Ɗan Malam, Kano:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, na bi maganarka. Hajiyarmu ta tuna sunan mai gyaran, na same shi jiya, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Da na faɗi sunan Malam sai ya yi shiru, ya sa jikansa ya jawo wani buhu daga bayan ƙofa. Ya lalubo kwanon kafireto da hannu, ya shafa bakinsa da yatsa ya ce wannan ne. Ya hau daidai. Ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce in ta tashi in kawo ya ji ƙararta. Saura salansa ta hagu da gilashin mita. Na Maraɗi, na tura maka hoton.