Neman kalma cikin gaggawa: me za mu ce da "fermentation"?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Jama'a a taimaka, ƙarfe huɗu zan shiga ɗaukar murya. Rahoto ne a kan wani saurayi a birnin Gent na Beljiyam da ya dafa giyar gida karon farko, lita 20. Ya jiƙa tsiron sha'ir a ruwa mai zafin digiri 65 na awa guda, ya tace, ya tafasa da furen "hops" mai ɗaci, ya bari ya huce zuwa digiri 20, ya zuba yisti. Daga nan sai "fermentation", kuma sau bakwai kalmar ta fito a rahoton. Na sa "ruɓewa", editarmu ta ce kamar mushe nake bayani.

'Yar Zazzau: Ta yi gaskiya. Ka ce "tsami" kawai, kamar na nono.

Mai Fassara: Yaya, a nan gizo ke saƙa. Idan giyar nan ta yi tsami, yaron ya yi asara ke nan. Yisti ne zai cinye sukari ya fitar da barasa da iska, har da ƙamshi irin na ayaba da kanumfari, wanda da shi aka san yistin Beljiyam. Mai tsamin daban take, "lambic" ta kewayen Brussels, wadda ake bari a buɗe yistin iska ya faɗa ciki.

Ɗan Jos: To ai wannan ta biyun 'yar uwar burukutu ce. Ku je ku tambayi masu dafawa, cewa suke giya ta nuna. Ko ta tashi, kamar ƙullin masa.

Malam Nahawu: "Nuna" ƙarshen aiki ne, shi kuwa yana neman sunan aikin. Tun shekaru nake cewa a karɓi "kumfantaka". Daga kumfa, a ƙara -ntaka, kamar jarumtaka. Duk abin da yisti ya taɓa sai ya yi kumfa, musamman irin wannan da yistinta ke taruwa a sama.

'Yar Zazzau: Allah ya gafarta Malam, ashe sabulu ma yana kumfantaka.

Malam Nahawu: Ki yi dariya. Haka aka yi wa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" dariya. Kuma shi kansa "yisti" da kuke ta maimaitawa, Hausar wane gari ce? Mun zama 'yan amshin shatan Bature, komai ya faɗa sai mu lanƙwasa masa baki mu ce namu ne.

Bamaraɗe: Malam, na'urar taka ai kwamfuta ta kayar da ita. Amma a kan yisti ina bayanka. Ku 'yan Najeriya sai ku ari Ingilishi ku ce daidaitacciyar Hausa ce, mu a Maraɗi in muka ari Faransanci a ce mun gurɓata harshe. Rediyon nan har mu muna saurare fa.

Ɗan Jos: An fara. Kullum sai an kai mu Kano da Maraɗi.

Alhaji Na Gidan Ƙasa: Ni tambayata daban ce. Kalmomi sun ƙare ne sai na giya za mu zauna muna wa ado?

Mai Fassara: Ranka ya daɗe, labari ne, ba talla ba. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin gadon al'adun duniya a 2016, har 'yan zuhudu na Kirista a Chimay da Orval da Westmalle suna dafa ta a gidajen ibadarsu. Kuma gobe kalmar nan za mu nema in ana bayanin daddawa ko burodi. Saura minti 50, don Allah.

'Yar Zazzau: "Tsimuwa" fa? An jiƙa abu, an rufe, an bar shi kwanaki ya canja ya yi ƙarfi. Yaron ma ai mako biyu zai jira.

Ɗan Jos: Kana cewa tsimi a rediyo, wasu maganin mata za su tuna.

'Yar Zazzau: Masu wannan tunanin su ji da kansu. Tsimuwa na ce.

Malam Nahawu: Tsimuwa ba ta nuna akwai abu mai rai da ke aikin. Sassaƙe ma yana tsimuwa a ruwa, babu yisti ko ɗaya. Kumfantaka kuwa...

Mai Fassara: Ga abin da na rubuta: "sai ya zuba yisti, ya rufe, ruwan ya fara tsimuwa, wato yistin na cin sukari yana mai da shi barasa." Sauran wuraren shida na raba su tsakanin "tsimuwa" da "ta nuna". "Hops" na bar shi "wani fure mai ɗaci".

Bamaraɗe: Yistin dai yana nan.

Mai Fassara: Yana nan, ɗan'uwa. Kawo madadinsa kafin huɗu in canja.

Malam Nahawu: A sa a rubuce cewa ban yarda ba. Amma ta fi ruɓewa.