Wai digiri ake sayar mana a jami'ar kuɗi?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan uwa, abin ne ya tsaya min a rai shi ya sa na kawo nan. Jiya a wajen sunan ɗan yayata ina zaune ina cin waina kawuna ya dube ni gaban jama'a ya ce wai mu 'yan jami'ar kuɗi ba karatu muke ba, digiri ake sayar mana. Ni da na zauna JAMB sau 2, na farko 214 na biyu 231, WAEC ɗina kiredit 8 har da Turanci da Lissafi, kullum ina leƙa CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, shiru, shekara 2 ina tsare shagon cajin waya, sai da Baba ya sayar da filinsa aka biya min. Yanzu ina aji 3, mu 34 ne a ajinmu kuma malamin da ke duba projek ɗina ya san sunana. Mu talakawa in mun nemi mafita sai a ce saye muka yi. Ni dai na ce karatun can ya fi na gwamnati, mai ja ya kawo hujja.

Na-Samaru: Talakawa? Ƙanena ka ji tsoron Allah. Mai filin da zai sayar ya biya miliyoyi shi ne talaka? To mu da muka kwana mu 8 a ɗakin mutum 4 muna jiƙa garin kwaki mu ce mu su waye?

Uwar Biyu: Haba Malam, wanda ya sayar da fili ai yanzu ba shi da fili. Mai kuɗi ba ya taɓa kadara don kuɗin makaranta.

Na-Samaru: Hajiya wanda ya sayar ai ya taɓa mallaka.

Bakanon Asali: Ku daina wasa da kalmar nan. Talakawan da Malam Aminu Kano ya tsaya wa tun NEPU a 1950 masu biyan haraji da jangali ne da ake kamawa a daka, ba masu shan AC a laburare ba.

Ɗan Kurna: Yaya ni ban ce komai a kan AC ba fa

Injiniya: Mu koma kan magana don Allah. Jami'ar kuɗi ma sai ta JAMB ake shiga, NUC, hukumar kula da jami'o'i, ce ke tantance kwasa-kwasanta kamar ta gwamnati, kuma duk NYSC ɗaya ake zuwa. Tun 1999 aka fara ba su lasisi, Igbinedion da Babcock da Madonna.

Bakanon Asali: Ba wanda ya tambaye ka tarihi. Talaka ne ko ba talaka ba?

Uwar Biyu: Ni 'yata ta zauna a gida daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba a 2022 saboda yajin aikin ASUU, wata 8 cur tana soya awara a ƙofar gida, ga na 2020 da ya cinye wata 9, sa'o'inta da suka je ta kuɗi har sun yi bautar ƙasa ita tana aji 3. Da ina da fili wallahi da na sayar.

Malam Lakcara: Hajiya a bar ASUU ta huta. Gwagwarmayar ASUU ce ta haifi asusun da ya zama TETFund, shi ke gina ɗakunan karatu yana ba da kuɗin bincike, kuma manyan makarantun gwamnati kaɗai yake ba wa. Ku da ke cewa karatunku ya fi na gwamnati, wane irin shuka kuka fitar? Masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da manomi ke shukawa daga IAR Samaru, cibiyar binciken noma ta ABU, suka fito.

Uwar Biyu: To Malam ai ku ne kuke zuwa koyarwa a na kuɗin ranar Asabar, can ba kwa yajin aiki.

Malam Lakcara: Ki iya bakinki Hajiya, ba da ni ba.

Ɗan Adamawa: Jami'ar AUN ta Yola fa? Wazirin Adamawa ya kafa ta, kuma ta ɗauki wasu daga 'yan matan Chibok ta koyar da su. Ko su ma 'ya'yan masu kuɗi ne?

Bakanon Asali: An zo wajen. Dama kamfen ka zo yi.

Ɗan Adamawa: Da Baze ta Datti na ambata sai ka ce ni ɗan Obi ne, kai dai ba ka son a yabi kowa in ba mai jar hula ba.

Bakanon Asali: Jar hula ta tura ɗaruruwan 'ya'yan talakawa karatu waje, talakawa na gaske ba irin na Kurna ba.

Injiniya: Ba duka ba ne na 'yan siyasa, Al-Qalam ta Katsina al'umma ce ta kafa ta a 2005.

Na-Samaru: Hujja ɗaya ta ishe ni. Bashin karatu na NELFUND ɗaliban makarantun gwamnati ake ba wa, su ba a ba su. Gwamnati da kanta ta san ba talakawa ba ne.

Uwar Biyu: Yau kuma gwamnati ce alƙalin talauci? Ikon Allah.

Admin: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka tattauna a taƙaice: mafi yawan 'yan uwa sun yarda mai biyan miliyoyi bai kamata ya kira kansa talaka ba, kuma Malam Lakcara ya tabbatar bincike na gaske a jami'o'in gwamnati yake musamman ABU, wadda mu da muka yi ta muka sani tun 1962 take gaba. Masu kare na kuɗi ba su kawo komai ba sai ƙorafi da siyasa. Ɗan Kurna ka je ka ba kawunka haƙuri.

Uwar Biyu: Mafi yawa su wa? Ku uku ne fa, kuma biyu 'yan Zariya. Ina wata 8 ɗin 'yata a taƙaitawar taka?

Ɗan Kurna: Haƙurin me zan ba shi Admin, shi fa ya zage ni