Koya wa matasa haɗa sola: daga ina?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Matasan da ba su karanci lantarki ba, me za a fara koya musu?

Malamin Zango: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na'urar awon lantarki tukuna. Sai jerin haɗawa: batir da regilato (na'urar da ke daidaita cajin batir), sannan farantin sola. In aka juya, regilato ba ya gane volt 12 ne ko 24, yana iya ƙonewa. Fiyus dab da batir, dole ne.

Hajiyar Karkada: Haka ne Malam. A Damagaram faranti ya kalli kudu, karkatar digiri 15. Ƙurar hunturu a wanke ta da sanyin safiya.

Malamin Zango: Solar dumama ruwa kuwa, a ɗora tankin ruwa sama da faranti, in ba haka ba ruwan zafi ba ya hawa.