Neman Shawara: An Tura Ɗana Sashen Koyon Ayyukan Yau da Kullum, Amma Wasa Kawai Na Ga Ana Yi

Assalamu alaikum. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni uwa ce a Kano, ɗana na biyu kuma yana da shekara 2 da wata 5. Na sha doguwar naƙuda a haihuwarsa, bai yi kuka nan take ba, har sai da aka kwantar da shi a ɗakin jarirai. Bai zauna da kansa ba sai da ya kai wata 11, bai kuma taka ba sai yana da wata 22. Yanzu yana tafiya, alhamdu lillahi, sai dai hannunsa na hagu kullum a dunƙule yake, ko da na dama ba ya iya kai cokali baki, ba ya tauna abinci, kunu da koko kaɗai yake sha, miyau yana yawan zubo masa, kalmominsa kuma ba su wuce biyu ko uku ba.

Likitan yara ya tura mu wurin masu gashin ƙashi, da kuma wani sashe da ma'aikata ke kira O.T., inda aka ce ana koya wa yaro ayyukan yau da kullum. Amfanin gashi na gane shi. A ɗaya sashen kuwa, tabarma aka shimfiɗa, aka ba shi ƙwallo da murafe yana jefawa a gwangwani, ni kuma aka yi ta yi mini tambayoyi kan cinsa da barcinsa da wankansa. Maigida ya ce ba zai riƙa biyan kuɗin adaidaita sahu da na kati don a je a yi wasa ba. Surukata ta ce nawa ce irin ta gidansu, a bar yaro ya huta, a riƙa yi masa ɗura don ya yi ƙwari. Shin wannan sashe yana da amfani, ko in tsaya a kan gashi kawai?

Amsa daga wata ma'aikaciyar irin wannan sashe, Kaduna:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya. Ba zan iya faɗin abin da ke damun yaron da ban gani ba, amma zan iya bayyana miki abin da aka yi a kan tabarmar nan. Ranar farko ranar aunawa ce. Lokacin da yake jefa murafe, ma'aikaciyar tana duban ko yana buɗe tafin hagu da kansa, ko yana tallafa gwangwanin da shi, ko yana ɗaukar abu da babban yatsa da manuni ko da dukan hannu, ko idonsa yana bin abin da hannunsa ke yi, da kuma tsawon lokacin da yake iya zama a miƙe kafin ya karkace. Ɗan shekara 2 ba a ce masa ya miƙe yatsu sau goma ya yi; sai an sa masa abin da yake sha'awa a inda dole ya miƙa hannun kafin ya same shi.

Masu gashi sun fi mai da hankali kan tsayuwa da tafiya da sassauta jijiyoyin da suka ɗaure. Mu kuma namu shi ne abin da yaro zai yi da jikin: ya ci da kansa, ya sha a kofi, ya cire riga, ya yi tsarki, daga baya ya riƙe alli ko fensir. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya, kuma matsalolin da kika lissafa yawancinsu na ɓangarenmu ne.

Dalilin gaggawa shi ne, ƙwaƙwalwa ta fi saurin girma a shekaru ukun farko, kuma a lokacin ne ta fi iya buɗe sababbin hanyoyi idan wani ɓangarenta ya sami rauni wajen haihuwa. Irin wannan rauni ba ya ƙaruwa, amma hannun da aka bari a dunƙule yana ƙara sandarewa, yaro kuma yana sabawa da mantawa da shi tun da ɗayan yana biya masa buƙata. Manya ma suna amfana da wannan jinya, sai dai abin da ake samu a wata shida yanzu yakan ci wahala mai yawa idan aka jira ya shiga firamare.

Kafin ki koma, ki zaunar da shi a miƙe lokacin cin abinci, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa. Ki naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri, ki ɗora hannunki a kan nasa ku kai baki tare, kina rage taimakon a hankali. Ki ba shi abin da sai da hannu biyu ake riƙewa, kamar ƙwarya ko babban kofi. Kada ki ɗaure masa hannun dama don ki tilasta na hagu. Akwai irin wannan dabara a aikinmu, amma da tsari da sa ido ake yin ta.

Amsa daga wani magidanci, Gusau:

Baiwar Allah, ni ta ɓangaren maigidanki zan yi magana, domin 'yata ta bi wannan hanya, kuma nauyin zirga-zirgar ba ƙarami ba ne ga mai neman na yau da gobe. Kada ki mai da shi abokin jayayya. Ki roƙe shi ya raka ku sau ɗaya, ya tambayi ma'aikaciyar da bakinsa abin da ake son yaron ya iya nan da wata uku. Da aka ce mini burin farko shi ne yarinya ta riƙe kofi ta sha ba tare da ta ƙware ba, sai na san abin da nake biya wa kuɗi. Ku gaya musu ƙarfinku ba tare da jin kunya ba, domin ana iya haɗa muku gashi da wannan sashe a rana ɗaya, a tazarar da ku, a ba ku aikin gida. Ki nemi izini ki ɗauki bidiyon abin da aka nuna miki a waya, saboda mafi yawan aikin a tsakar gida ake yin sa.

Amsa daga wata kaka, Katsina:

'Yata, kada a yi saurin ɗora wa Hajiya surukarki laifi. Mun ga yaran da suka yi nawa, aka yi ta surutu, yau ga su da iyalinsu. Ni ina ganin a ƙara ba shi lokaci, a dage da addu'a, kada a gajiyar da yaro da yawon asibiti.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya, Zariya:

Mama, Allah Ya ƙara girma. Gaskiya ne yara ba su tafiya a ƙafa ɗaya, amma nawar ma tana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, har da Ghana, ta wallafa sakamakon a 2006: kusan dukansu sun zauna da kansu tsakanin wata 4 da wata 9, sun kuma yi tafiya tsakanin wata 8 da wata 18. Wannan yaro ya wuce iyakokin biyu, ga tarihin naƙuda, ga hannu ɗaya da ya bambanta da ɗan'uwansa, wanda nawa ba ta kawo shi. Addu'a kuwa ba a daina ta, tare da neman magani ake yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗura. Yaron da ba ya tauna, miyau kuma yana zubo masa, mai yiwuwa haɗiyarsa ba ta daidaita ba, idan aka kwantar da shi aka ɗura masa kunu yana kuka, kunun yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya jawo limoniya. Maman yaro, ki lura ko yana tari ko muryarsa tana canjawa bayan ya sha abu, ki gaya wa likita. Sauya abinci daga kunu zuwa dankali ko ayaba da aka dame, sannan zuwa mai laushi da ake taunawa, mataki-mataki ake yi, bayan an duba haɗiyar. Gyaɗa da wake da duwatsun ado kada su zama kayan wasansa.

Amsa daga wani malamin makarantar yara masu buƙata ta musamman, Kano:

Maman yaro, ki nemi a gwada jinsa, domin yaro yana iya waigowa idan an buga ƙofa alhali ba ya jin kalmomi sosai, kuma hakan yana jinkirta magana. Ki tambaya kuma ko akwai mai koyar da magana. Masu wannan aiki ba su da yawa a Najeriya, musamman a Arewa, don haka wanda ya samu ya riƙe. Ga waɗanda ke nema, a fara tambaya a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, da Asibitin Ƙashi na Dala, da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Idan mai zaman kansa ne zai zo gida, a nemi ganin rajistarsa da hukumar MRTB, wadda ke ba masu gashi da masu wannan aiki lasisi. Duk wanda ya yi alkawarin warkar da yaro a mako biyu da wani garin magani, a rabu da shi.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Maigida ya yarda zai raka mu ranar Talata. Yaya zan hana ɗurar ba tare da na saɓa wa Hajiya ba?

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:

Kada maganar ta fito daga bakinki, 'yar'uwa. Ki bar ɗanta ya gaya mata cewa likita ne ya hana, in da hali ma ku tafi da ita ta ji da kunnenta. Sannan ki roƙe ta ta karɓi ciyarwar rana, ita ce za ta zaunar da jikanta ta riƙe masa hannu a kan cokalin, ke kuma ki ɗauki ta safe da ta dare.